Faifai Bai Cika Ba Amma Saba Tana Faɗuwa: Yadda Manyan Fayiloli Ke Cinye Ƙwaƙwalwar Rumbun Bayanai

Wani ƙanena a sana'a, wanda ya gina wa wata makaranta shafin rajistar ɗalibai, ya kira ni da tsakar dare a makon ƙarshe na rajista. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, saba sai faɗuwa take yi, kuma wallahi faifan ajiya ko rabi bai kai ba." Ya riga ya biya dala ya ɗaga RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta sabar, kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, daga GB 2 zuwa GB 4. Abin ya lafa na yini guda, ya dawo. Na tambaye shi ina yake zuba hotunan fasfo da takardun haihuwa da sakamakon jarrabawar da ɗalibai ke ɗorawa. Ya ce cikin teburin ɗalibai, a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, a wani gurbi mai nau'in bytea, wanda ake zuba ɗanyen fayil a ciki. Na ce ya turo mini umarnin da shafin jerin sunaye ke aika wa rumbun bayanai. Da ya turo, ga shi nan ɓaro-ɓaro: SELECT *, wato kawo duk guraben teburin ba zaɓi.

Ba makarantu kaɗai wannan matsala ke kamawa ba. Asibitin da ke ajiye hoton ƙashi, ofishin da ke sikanin takardun ma'aikata, gidan rediyon da ke tara muryoyin shirye-shirye, duk wanda ya zuba manyan fayiloli cikin rumbun bayanai zai gamu da ita wata rana. Kuma kusan kowa wuri ɗaya yake yin tuntuɓe: yana zaton ajiye fayil ne ke cin ƙwaƙwalwar aiki. Fayil da ke kwance ba ya cin komai sai faifai. Abin da ke cin RAM shi ne shigarsa da fitarsa, da yawan kwafin da ake yi masa a kan hanya, da yawan mutanen da ke nemansa a lokaci guda.

Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ya san bambancin sito da kanta. Sito na iya ɗaukar diloli ɗari, ba ruwan mai shago. Amma kanta, inda ake warware turmi a nuna wa mai saye, ba ta da faɗi. Faifai shi ne sito, RAM ita ce kanta. Idan yaron shago ya saba duk wanda ya tambayi turmi ɗaya sai ya kinkimo dila sukutum ya dire a kanta, mutum uku sun isa su toshe shagon. Faɗaɗa kanta zai sa ta ɗauki mutum shida maimakon uku, shi ne abin da ƙanen nawa ya saya da dalarsa. Ɗabi'ar yaron shagon tana nan yadda take.

Bari mu bi fayil ɗaya mu ga abin da ke faruwa da shi a PostgreSQL, tunda a nan abin ya faru.

PostgreSQL yana ajiye bayanai a shafuka masu girman KB 8, kuma ba ya yarda layi ɗaya ya tsallaka daga wani shafi zuwa wani. To ina hoton MB 5 zai shiga? Tun fitowar siga ta 7.1 a 2001 akwai dabarar da suka raɗa wa suna TOAST. Da zarar layi ya haura kusan KB 2, sai rumbun ya fara ƙoƙarin matse manyan gurabe. Idan matsewa ba ta wadatar ba, sai ya yayyanka abin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kusan bayit 2,000, ya zuba su a wani ɓoyayyen tebur na gefe, ya bar 'yar alama ta bayit 18 kacal a ainihin layin. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ita ce ta sa nake cewa ajiya ba ita ce laifi ba. Muddin umarninka bai ambaci wannan gurbi ba, rumbun ba ya ko leƙa teburin gefen. Kana iya lalubo sunayen ɗalibai dubu hamsin ba tare da an taɓa hoto ko ɗaya ba.

Rigimar tana farawa ne daga lokacin da ka ce a ba ka gurbin. Bytea ba ya fitowa rabi-rabi. Sai rumbun ya tattaro gunduwoyin nan kaf, ya harhaɗa su cikin RAM su koma abu guda. A fayil na MB 50, MB 50 sun tafi ke nan. Bai tsaya nan ba. Yawancin manhajoji suna karɓar amsa daga rumbun ne a sigar rubutu, shi kuwa ɗanyen bayani ba rubutu ba ne, dole a mayar da shi haruffa. Tun daga siga ta 9.0 a 2010, PostgreSQL yana rubuta kowane bayit da haruffa biyu, wato hex. MB 50 ɗin nan sun haifi wasu MB 100. Sannan a kwafe waɗannan cikin saƙon da za a tura ta hanyar sadarwa, wasu MB 100 ke nan. Kafin bayit ɗaya ya bar saba, fayil na MB 50 ya mamaye kimanin MB 250.

A ɗaya ɓangaren ma haka ne. Manhajar da ta yi tambayar za ta karɓi haruffan nan MB 100, ta riƙe su, ta warware su su koma MB 50. Kuma libpq, laburaren da yawancin harsunan shirya manhaja ke hawa kansa don magana da PostgreSQL, al'adarsa ita ce ya tara amsar gaba ɗaya, layi na farko har na ƙarshe, kafin ya miƙa wa manhaja ko da layi ɗaya. A nan SELECT * ɗin ƙanena ya yi ɓarna: shafin jerin sunaye na buƙatar suna da lambar rajista ne kawai, amma kowace buɗewa tana jawo takardun ɗalibai ɗari. Idan kuma mai shirya manhaja ya ƙara naɗe fayil ɗin da base64, wata hanyar mayar da bayit haruffa, don ya cusa shi cikin saƙon rubutu na JSON, girman ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Galibin ƙananan ayyukanmu, rumbun bayanai da manhaja a kan saba ɗaya suke zaune, saboda kuɗin haya, don haka duk waɗannan kwafe-kwafe daga tukunya ɗaya suke ɗiba.

Shigarwa ta fi fitarwa muni idan aka manna fayil ɗin cikin rubutun umarnin INSERT, mai shigar da sabon layi. Rumbun zai karɓi dogon rubutun, mai fayyace umarni ya yi nasa kwafin, a ciro haruffan fayil ɗin daban, a mayar da su bayit, a gina layi, a gwada matsewa. Ninki biyar na girman fayil ba abin mamaki ba ne a wannan hanya.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata kowa ya sani, domin ba ya bayyana sai ranar baƙin ciki. Iyakar gurbi ɗaya a PostgreSQL GB 1 ce, kuma iyakar abin da yake iya warewa na ƙwaƙwalwa a karo ɗaya don irin wannan aiki ita ma GB 1 ce. Tunda hex na ninka girma, fayil da ya haura kusan rabin GB yana iya shiga ta sigar ɗanyen bayani lami lafiya, amma ya ƙi fitowa a sigar rubutu. Shi kuwa pg_dump, wanda mutane da yawa suka dogara da shi wajen kwafin ajiya, ta sigar rubutu yake fitar da bayanan tebur. Bidiyo ɗaya tak ya isa ya hana kwafin ajiyar dare kammaluwa, kuma in ba mai duba rahoto, sai ranar da aka je nema a tarar babu.

Yanzu a ninka duk wannan da yawan jama'a. PostgreSQL yana buɗe wa kowane haɗi ma'aikacinsa daban, wato ɗan shirin da ke yi masa hidima, kuma kowane ma'aikaci da nasa kason ƙwaƙwalwa. Adadin haɗin da yake yarda da shi idan ba a taɓa saiti ba 100 ne. Mutum ashirin su nemi fayil na MB 50 a daƙiƙa guda, ashirin sau 250, an tasam ma GB 5. Sabar GB 4 ta ƙare. Abin da ke biyo baya a Linux sananne ne: tsarin yana da wani mai yanke hukunci da ke zaɓar ma'aikaci mafi cin ƙwaƙwalwa ya kashe shi nan take. PostgreSQL kuwa idan aka kashe masa ma'aikaci ɗaya ta wannan hanya, ba ya amincewa da abin da ke cikin ƙwaƙwalwar da suke tarayya a kai, don mamacin na iya barin ta a dagule. Sai ya sallami kowa da kowa, ya sake tashi, ya bi kundin WAL, inda yake rubuta duk canjin da aka yi, ya gyara kansa. Mutum ɗaya ya nemi babban fayil, ɗalibai ɗari sun ga shafi ya mutu. Duk wanda ke son tabbatarwa ya buɗe kundin rahoton rumbun ya nemi inda aka rubuta "terminated by signal 9", ya kuma duba rahoton Linux da umarnin dmesg.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne shawarar da ake yawan bai wa mai wannan matsala: rage work_mem, rage shared_buffers. Babu ɗayansu da ke taɓa ciwon. Shi work_mem, wanda asalinsa MB 4 ne, iyaka ce ga aikin jerawa da haɗa tebura. Ba shi da iko a kan harhaɗa bytea ko mayar da shi hex. Babu wani saiti a cikin PostgreSQL da zai ce wa ma'aikaci kada ka wuce kaza wajen ɗauko fayil. Saitin da ke da amfani a ɓangaren Linux yake, vm.overcommit_memory a mayar da shi 2, kamar yadda littafin jagoran PostgreSQL kansa ya ba da shawara. Shi ma ba ya rage cin ƙwaƙwalwa, amma yana sa umarnin da ya wuce gona da iri ya faɗi shi kaɗai da saƙon kuskure, maimakon a rushe gidan gaba ɗaya.

Shared_buffers kuwa cutuwa yake yi ta wata fuskar da ba ta kashe saba, sai dai ta mayar da ita gurguwa. Nan ne rumbun ke ajiye shafukan da ake yawan nema don kada ya riƙa komawa faifai. Asalinsa MB 128 ne, wato shafuka 16,384, kodayake an saba ɗaga shi zuwa kusan rubu'in RAM. Fayil ɗaya na MB 50 ya haura shafuka 6,400, kuma ta nan ɗin suke bi. Uku irinsa sun fi ƙarfin wurin baki ɗaya. Shafukan fihirisa da na tebura masu zafi, waɗanda ake taɓawa sau dubu a minti, sai su riƙa gogayya da wani PDF da mutum ɗaya ya buɗe sau ɗaya ba zai ƙara ba. Shi ya sa mai shiga da kalmar sirri kawai yake jin shafi ya yi nauyi, alhali shi bai nemi fayil ba. Ƙarin da ake kira pg_buffercache yana nuna wa ke zaune a wurin. Idan ka ga sunaye masu farawa da pg_toast ne a saman jerin, ka gano ɓarawonka.

Masu MySQL kada su ce sun tsira. Sunaye ne suka bambanta: BLOB, takwaran bytea a wannan rumbu, na ɗaukar KB 64, MEDIUMBLOB MB 16, LONGBLOB har GB 4 a takarda. A aikace max_allowed_packet, iyakar girman saƙo ɗaya, ne ke yanke hukunci, asalinsa MB 64 a siga ta 8.0, kuma ba ya wuce GB 1. Ma'ajin kowane haɗi yana iya kumbura har ya kai wannan adadi, don haka mai ɗaga shi zuwa GB 1 don saƙon kuskure ya ɓace ya buɗe wa kowane haɗi ƙofar cin GB 1. InnoDB, injin ajiyar MySQL, shi ma yana fitar da manyan BLOB daga shafinsa na KB 16 ya bar alama ta bayit 20, kuma su ma ta ma'ajin shafukansa suke wucewa. Ciwon ɗaya ne.

To mene ne magani? Na fi son a fara da wanda ba ya cin ko sisi.

A daina SELECT * a kan duk teburin da ke da fayil. A wajen ƙanena wannan kaɗai ya tsayar da faɗuwar a daren. Sai dai mutane da yawa ba da hannunsu suke rubuta shi ba. Django da Laravel da ire-irensu, kayan gina shafukan intanet, suna ɗauko dukkan gurabe ne idan ba ka hana su ba. Django na da defer da only don wannan, Laravel na da select. Amma ni ban cika yarda da tunawar ɗan Adam ba a nan, domin wata shida gaba wani sabon yaro zai zo ya rubuta shafi ya manta. Abin da ya fi dorewa shi ne a raba tebur: ɗalibai a nasu, bayanin fayil a nasa, wato suna da nau'i da girma da ranar ɗorawa, ɗanyen fayil ɗin kuma a tebur na uku da ba a zuwa sai da niyya. A lissafa girma da hatimin SHA-256, lambar tantancewa da ake fitarwa daga abin da ke cikin fayil, tun lokacin ɗorawa a ajiye. PostgreSQL na iya faɗa maka girman bytea da octet_length ba tare da ya harhaɗa shi ba, amma in ka ce ya lissafa maka hatimi, sai ya ɗauko fayil ɗin dungurungum.

Sannan a daina manna fayil cikin rubutun umarni. A aika shi daban a matsayin ɗanyen bayani, a kuma nemi amsa a wannan siga idan laburaren ya yarda. Ninkin hex ya fita daga lissafi ke nan.

Waɗannan suna rage yawan kwafi, amma har yanzu dila sukutum ake ɗaukowa. Gyaran gaske shi ne a koya wa yaron shago ɗauko turmi ɗaya-ɗaya, kuma hanyoyin yin haka a cikin rumbun suna da daɗin bayani.

Ta farko ita ce a canza yadda TOAST ke ajiye gurbin. Asalin tsarin bytea shi ne EXTENDED: a matse, sannan a fitar gefe. Amma JPEG da PNG da MP4 da yawancin PDF a matse suke tun daga gida, sake matse su wahalar banza ce. Idan ka ce ALTER TABLE, ALTER COLUMN, SET STORAGE EXTERNAL, rumbun zai daina gwada matsewa. Ribar da ta fi wannan girma ita ce substring. A kan abin da ba a matse ba, idan ka nemi bayit daga miliyan goma zuwa miliyan goma sha ɗaya, gunduwoyin wannan yanki kaɗai zai ɗauko. Manhaja sai ta riƙa neman MB 1, ta tura wa mai saukewa, ta nemi na gaba. Ƙwaƙwalwar da ake ci ta koma 'yan MB kaɗan ko da fayil ɗin MB 500 ne. A kula da abu biyu. Canjin bai shafi layukan da suka riga suka shiga ba, sai sababbi. Kuma wannan dabara ta karatu ce kawai. Wajen rubutu, in ka ce za ka riƙa liƙa sabon yanki a wutsiyar tsohon bytea, kowane liƙi sai rumbun ya sake rubuta fayil ɗin daga farko, ya bar tsohon a matsayin gawa har VACUUM, mai share matattun layuka, ya zo.

Ta biyu ita ce tsohuwar hanyar da PostgreSQL ya tanada musamman don manyan abubuwa, mai teburin pg_largeobject. A nan fayil na zama kamar fayil na gaske: lo_open, ka karanta ko ka rubuta gwargwadon abin da kake so, ka yi tsalle zuwa tsakiya, ka rufe. Gunduwoyinsa KB 2 ne, kuma tun siga ta 9.3 a 2013 yana kaiwa TB 4. Ta fuskar ƙwaƙwalwa babu kamarsa. Amma yana da halaye da nake so mutum ya sani kafin ya aure shi. Goge layin da ke nuni da fayil ba ya goge fayil ɗin, sai ka kira lo_unlink da kanka, ko ka ɗaura lo_manage, ko ka riƙa share marayu da vacuumlo. Dukkan fayilolin rumbun a tebur ɗaya tilo suke cunkushe. Kwafin kai-tsaye na publication da subscription ba ya ɗaukar su. Kuma dole a buɗe shi cikin ƙullin aiki guda, daga BEGIN zuwa COMMIT, wanda ke nufin in ka bar mai saukewa a wayar da sabis ɗinta ke rarrafe ya ja maka lokaci, haɗin nan da ƙullin nan suna buɗe har ya gama.

Ta uku ita ce wadda na fi karkata gare ta idan dole fayil ya zauna cikin rumbu: ka yanka da kanka. Tebur mai gurabe uku, lambar fayil, lambar yanki, da yankin kansa na KB 256 zuwa MB 1. Kana rubutawa yanki-yanki, kana karantawa yanki-yanki, gogewa na bin ƙa'idar dangantakar tebura kamar kowane layi, pg_dump ba ya shaƙewa. Ba sabon tunani ba ne. MongoDB, da takardarsa ɗaya ba ta wuce MB 16, haka GridFS ɗinsa yake yi da gunduwoyin KB 255.

Duk wadda aka zaɓa, a sa wa ƙofa mai gadi. A ware wa aikin fayiloli mai amfani na daban a rumbun, a ɗaura masa CONNECTION LIMIT na biyar ko goma, ko a ba shi ƙaramin rukuni a PgBouncer, manhajar da ke sa masu neman haɗi a layi. Na goma sha ɗaya ya jira daƙiƙa biyu, ko a ce masa ya sake gwadawa, ya fi kowa ya rasa shafin. A kuma tare girma tun daga bakin ƙofa. Hoton da wayar zamani ke ɗauka MB da yawa ne, hoton fasfo a katin ɗalibi kuwa 'yan gomman KB sun ishe shi. Rage shi lokacin ɗorawa aikin layuka kaɗan ne.

Sai babbar tambaya, wadda masu sana'ar suka daɗe suna jayayya a kai: shin ma ya dace fayil ya shiga rumbun bayanai? A 2006 wasu masu bincike uku, Russell Sears da Catharine van Ingen da Jim Gray, suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a sashen binciken Microsoft, inda suka gwada SQL Server da tsarin fayil na NTFS. Abin da suka samu shi ne abin da bai kai KB 256 ba ya fi dacewa da rumbu, abin da ya haura MB 1 ya fi dacewa da tsarin fayil, tsakani kuma ya danganta da yawan karatu da sake rubutu. Na'urori sun canza ƙwarai tun lokacin, faifan SSD ya maye gurbin mai juyawa, don haka ba zan riƙe alƙaluman kamar aya ba. Amma siffar amsar ba ta tsufa ba. Microsoft da kansa ya ƙara FILESTREAM a SQL Server 2008, inda fayil ke zaune a NTFS, rumbun na kula da shi, kuma ba ya bi ta ma'ajin shafukan rumbun. A ɗaya gefen, masu SQLite sun nuna a gwajinsu cewa ƙananan abubuwa masu kimanin KB 10 sun fi saurin karantuwa daga cikin rumbu da kusan kashi 35 cikin ɗari a kan fayiloli warwatse. Don haka mai cewa kada a taɓa sa hoto a rumbu ya wuce wuri, mai zuba bidiyo a ciki shi ma haka.

Ra'ayina shi ne hoton fasfo da aka rage, sa hannu, ƙaramin rasit, su zauna a rumbu a teburinsu. Duk abin da ake aunawa da MB ya fita, ko zuwa faifan saba, ko zuwa ma'ajiya irin Amazon S3 da masu kwaikwayon tsarinsa. Rumbun ya riƙe suna da girma da hatimi da wanda ke da izinin gani.

Ba zan ɓoye kuɗin wannan shawara ba, don yana da yawa. Babbar ni'imar rumbun bayanai ita ce ko aiki ya kammala duka ko bai faru ba sam. Da fayil ya fita waje, wannan alkawari ya daina rufe shi. Wuta na iya ɗaukewa bayan an rubuta fayil kafin a rubuta layi, ko akasin haka. Tsarin da ke aiki shi ne a fara rubuta fayil, a tabbatar ya sauka, sannan a rubuta layi. In abu ya katse a tsakiya, abin da ya rage fayil ne marar mai shi, wanda wani aikin shara na mako-mako zai kwashe. Wannan ya fi layin da ke nuni da fayil da babu shi sauƙi nesa ba kusa ba. A raɗa wa fayil suna da hatiminsa na SHA-256, kada a taɓa rubutu a kan tsoho, sabon abu sabon suna. Da haka takarda ɗaya da aka ɗora sau biyar wuri ɗaya za ta ci. Kwafin ajiya kuma ya zama biyu, na rumbu da na fayiloli, kuma dole a gwada dawo da su tare.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan ƙaura shi ne sirri. Na sha ganin an fitar da takardu daga rumbu an zuba su a babban fayil ɗin da kowa ke iya shiga ta intanet, da sunaye masu bin lamba, ta yadda duk wanda ya canza 1045 zuwa 1046 a adireshi zai ga takardar haihuwar ɗan wani. Waɗannan takardun mutane ne da suka ba da amana, kuma a Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta hau kan duk mai riƙe da su. Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Manhaja ta duba izini, sannan ta miƙa wa nginx, manhajar da ke miƙa shafuka ga masu ziyara, aikin turawa ta X-Accel-Redirect daga wurin da ba a shiga kai-tsaye. In S3 ne, ta ba da adireshi mai sa hannu da ke mutuwa bayan 'yan mintuna. Ta kowace hanya fayil bai ratsa ƙwaƙwalwar rumbu ko ta manhaja ba.

Ƙanena bai yi ƙaurar a makon rajista ba, ni ma na hana shi. Bayan an rufe, ya rubuta ɗan shiri da ke ɗaukar layi hamsin-hamsin bisa lamba, ya fitar da fayil, ya gwada hatimin abin da ya sauka da na abin da ke rumbu, sai sun dace ya mayar da gurbin NULL, wato fanko. Da ya gama ya sake kirana, wai faifai bai ragu ba ko kaɗan. Haka ne, ba zai ragu ba. VACUUM na yau da kullum yana mayar da wurin abin sake amfani ga teburin ne, galibi ba ya mayar wa Linux da shi, goge gurbin da DROP COLUMN ma ba ya yi nan take. Sai an sake gina teburin da VACUUM FULL, wanda ke kulle shi gaba ɗaya har ya gama kuma yana buƙatar filin da zai rubuta sabon kwafi, ko da pg_repack in ba a son dogon kulli. Ya zaɓi daren Asabar bayan isha'i, ya fara ɗaukar kwafin ajiya ya gwada dawo da shi a wata kwamfuta, sannan ya saki VACUUM FULL. A ƙarshen watan ya mayar da sabar GB 2.